Ranin da Yaya Lawal Ya Buga Mini Gwangwani

Wannan babin dominku na rubuta shi, ku 'ya'yana, musamman kai Aminu. Ranar da muke dawowa daga sadakar ukun yayana, Baba Lawal, a Tamawa, mun wuce Kurfi mun miƙi hanyar Dutsin-Ma, na ji ka ce wa ƙanwarka ƙasa-ƙasa, don kana zaton barci ya ɗauke ni, wai Allah Ya jiƙansa amma dai shi ne ya hana ni zama wani abu a duniya. Idona biyu. Ban tanka ba saboda bakina ya yi nauyi a ranar, kuma na san ba kai ka ƙirƙiro maganar ba, da ita ka buɗe ido a cikin dangi. To, ba haka aka yi ba. Yanzu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san gaskiyar abin, saboda haka ku ba ni hankalinku.

Kun san na yi zaman Kaduna ina saurayi. Cin rani na je, na ɓuge da ɗaukar jaka a filin golf, wasan nan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ƙwallo ce 'yar ƙarama fara, ba ta kai ƙwan kaza ba, a buge ta da sanda mai kan ƙarfe tun daga nesa, a bi ta, a sake bugu, har ta faɗa wani ɗan rami. Haka za a yi ta yi rami bayan rami, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Manyan ma'aikata da sojoji da Turawan masaƙa ne ke yinsa, mu kuwa namu mu bi su da sanduna a kafaɗa, mu sa ido inda ƙwallo ta faɗi, mu ja bakinmu mu yi shiru. Safiyar Litinin kaɗai ake barinmu mu taɓa sanda, lokacin da masu kulob ɗin ke ofis. A nan na koya, da wasu tsofaffin sanduna da wani Bature ya bar mini, har ya zamana ina ɗaukar wa mutum jaka alhali na san in aka ba ni sandar zan ba shi kashi.

Malamin kulob ɗin wani dattijo ne mutumin Jos, Oga Istifanus, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara. Shi ya ja ni gefe wata rana ya ce akwai jarrabawar da ake yi duk farkon damina, wadda in mutum ya ci ya fita daga sahun masu ɗaukar jaka ya zama ƙwararre, ya koyar, ya shiga gasa, har ƙasashen waje ya je. Ya ce wani Alhaji cikin masu kulob ɗin ya yarda zai ɗauki nauyina, amma sau ɗaya tak, don akwai wasu a layi. Ina cikin washe baki ya rage mini zafi.

"Hannunka ya iya, kanka ne bai iya ba," in ji shi. "Ƙwallo ɗaya ta kauce maka, sai ka bi ta da fushi har ka lalata sauran wasan. Wani ya yi tari a bayanka, sai ka juya. Litinin ba za ta gyara wannan ba. Je ka ƙauyenku ka yi rani guda, kai da sanda."

Akwai abu guda da nake so ku riƙe tun yanzu, don a kansa komai ya rushe. A filayen Arewa na wancan zamani, da'irar da ke kewaye da rami ba ciyawa ba ce. Yashi ne ake kwaɓawa da baƙin mai a daɓe, muna ce masa burawun. Kafin ka yi bugun ƙarshe, na tura ƙwallo cikin rami, sai a ja wani faffaɗan abu a share maka hanya sumul. Yashi yana riƙe ƙwallo, saboda haka da ɗan ƙarfi ake turawa, kuma miƙe take tafiya. Shi na sani, a kansa na koya, a kansa kuma ake yin jarrabawar a Kaduna duk shekara.

Na iso Tamawa an gama girbi. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, Yaya Lawal ke riƙe da gandu da gidan gaba ɗaya. Ku kun san shi tsoho mai yawan shiru, to ko a lokacin haka yake, kuma bai taɓa wuce Funtuwa ba a rayuwarsa. Na same shi a zaure na yi masa bayani, ko da yake abin da na zo da shi ko a kunnena bai yi kama da sana'a ba. Ya karɓi ƙwallon ya jujjuya ta, ya buga ta da ƙasa, ta yi tsalle ta kusa dokar masa goshi.

"Duk tahiyar nan don 'yar abin nan ta hwaɗa rami?"

Na ce eh.

"Kuma mutum shina cin abinci da shi?"

Na ce har ya ciyar da wasu. Sai ya ce gonar yamma an kwashe kara, in je in duba in ta yi mini. Bai ƙara tambayata komai ba.

Shi da kansa ya zaɓi wani faƙo a gefen gonar, don ya ce ba zai zuba mai inda ake shuka ba. Muka yi jigilar yashi daga rafi da amalanken shanu, ranar kasuwar Dutsin-Ma kuma ya bi makanikai da masu injin niƙa yana roƙon baƙin man da suka juye. Muka kwaɓa, muka daɓe kamar daɓen ɗaki, muka binne gwangwanin madara a tsakiya ya zama rami, muka ɗaura tsohon buhu a sanda don sharar hanya. Da na tura ƙwallon farko ta faɗa, ya ce in ba shi ya gwada. Ya kama sandar kamar zai kashe maciji, ya doka, ƙwallon ta nufi gonar maƙwabci. Ya miƙo mini abata ya ce lallai sana'a ce.

Da an sallame asuba nake fita, in bi tsarin da Oga Istifanus ya ɗora ni a kai. Kafin rana ta yi zafi, gajerun bugu: in kafa kara nan, in kafa can, in sa ƙwallo ta sauka gindinsa. Ya hana ni tara ƙwallaye ina jibgarsu a jere kamar mai sussuka. Ya ce kowace ɗaya in ɗauke ta kamar ita kaɗai gare ni, in zaɓa mata wurin sauka, in canja sanda, in canja nisa, don ranar jarrabawa ba a ba mutum bugu iri ɗaya sau biyu. Da hantsi sai dogayen bugu, ina auna wata tsamiya a ƙarshen gonar, in na gaji in daina, don bugun gajiya mugun hali yake koya wa hannu. Bayan la'asar kuma burawun har magariba. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne abin da ake yi kafin kowane bugu: ka tsaya bayan ƙwallo, ka ga hanyarta a zuciyarka tun daga tashi har sauka, ka ja numfashi ka sake, sannan ka taka ka tsaya a kanta. Daga nan tunani ya ƙare, hannu ne zai yi abin da ya saba. Ta yi kyau, ta ɓaci, kafin ka mayar da sanda jaka ka manta da ita. Ni mai zuciya ne, kun sani, mantuwar nan ta fi komai ba ni wahala. Na sha yin jifa da sanda a gonar nan, ba mai kallona sai kurciyoyi.

Yaya Lawal ya fara zuwa da yamma yana kallo. Da ya ga ina ɓata lokaci wajen tsintar ƙwallaye, sai ya ɗauko kwando ya shiga tsinta mini. Na roƙe shi ya bari, babban wa mai iyali yana duƙawa yana tsintar wa ƙane abin wasa mutane na wucewa. Ya ce idonsa ya fi nawa. Wata rana na gaya masa abin da Oga ya ce game da tari da surutun 'yan kallo, na ce a nan shiru ya yi yawa, ban san ko na warke ba. Washegari sai ga shi da tsohon gwangwanin kananzir da guntun ice. Ya tsaya bayana, ya bari sai da na ɗaga sanda sama, ya rafka masa duka. Ƙwallon ta tafi inda ta ga dama, ni kuma na kusa zama ƙasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ga haƙoransa haka tun mahaifinmu na da rai. Daga ranar ya zama aikinsa. Wani lokaci ya buga, wani lokaci ya ƙyale ni in yi ta jira, ko ya ce ga maciji, ko ya yi kukan jaki, mutumin da ko a taron suna sai an matsa yake magana. Sannu a hankali na daina jinsa. Akwai yammacin da na buga ƙwallo ta sauka gindin tsamiya, na juyo na tambaye shi me ya sa yau bai buga gwangwanin ba. Ya ce ya buga har hannunsa ya yi zafi. Ranar ya riga ni shiga gida, ina jinsa yana ba matarsa labari.

Gida kuwa ba a bar mu mun sha iska ba. Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, ita ce shugabar 'yan adawa. Ta raɗa mini Rabe mai ƙwan zabo, sunan ya bi gari. In an miƙo mini tuwo sai ta ce a ƙara masa, ya sha aiki, yau ma ya kori ƙwai har ƙarshen gona. Ba muguwa ba ce, ita ta goye ni, bakinta ne ba shi da linzami, kuma a ganinta na zautar mata da Lawal. Liman ma sai da ya zo ya duba ko caca ce. Ya tsaya ya kalli yadda nake natsuwa kafin bugu, ya ce ba caca ba ce, amma da zan tara hankalina haka a salla da ya bar mini limanci. Duk wannan dariya nake yi in wuce, don rani ne, ba wanda na tsare wa aiki, kuma na san abin yana shiga. Zuwa bazara, in na hau burawun ɗin nan, ko da ido rufe ina jefa ƙwallo rami.

Saura kamar wata guda jarrabawa aka yi ruwan shuka. A makon ne kuma wani direban da ke ɗaukar hatsi daga Dutsin-Ma zuwa Kaduna ya biyo har Tamawa da saƙon baki daga Oga Istifanus. Wai bana an ɗauke jarrabawar daga Kaduna an kai ta wani fili a Kudu, wajen Ikko, inda kewayen rami ciyawa ce ba yashi ba. Wai in tattara in taho yanzu-yanzu, ya samo mini masauki a can, in yi watan nan ina koyon ciyawar. Direban ya ce dattijon ya jaddada masa kada in ce sai gobe.

Na shiga ɗaki na haɗa jaka. Na fito tsakar gida cike da mutane, ana fitar da iri, ana gyara sungumi, kowa ƙafarsa da laka. Gwaggo na zaune tana ɓarar gyaɗar iri. Ko kai ba ta ɗaga ba, ta yi maganar yadda kowa zai ji.

"Ai daman na hwaɗa maku. Rani guda shina cin tuwon rumbun Lawal, Lawal na yi mashi bauta a gona kamar shi ne ƙanen. Yau da ruwa ya sauka aka ce a ɗau sungumi, sai ga saƙo daga Kaduna. Saƙon nan ya san lokaci."

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Matan suka sunkuyar da kai. Na tsaya da jaka a hannu, don abin da ta faɗa ni ma na sha faɗa wa kaina. Na mayar da jakar ɗaki, na ɗauki sungumi na bi masu shuka. Ina tafe ina lallashin kaina cewa rami dai rami ne, ko a yashi ko a ciyawa, wanda ya yi rani guda yana horo kwana biyu sun ishe shi ya gane ta. In na taya su shuka da noman fari na wanke kaina, sai in tafi ba mai bina da baki.

Yaya Lawal ya riga mu gona, bai ji abin da aka yi ba. Da ya hango ni a layin masu sara, ya ajiye nasa sungumin ya taho ya ja ni gefe.

"Mi kake yi nan? Rabe, aje abin nan ka tahi. Masu sungumi ba su ƙare ba a Tamawa, in hannu nike so gayya zan kira. Mai buga ƙwallon nan kai kaɗai gare mu."

Na ce masa ba zan iya ba, an riga an yi magana. Ya tambaye ni wa ya yi, na ƙi faɗa, ya gane.

"Rani guda ina buga maka gwangwani don ka koyi ƙyale surutu," in ji shi. "Ashe gwangwanin kaɗai ka koyi ƙyalewa."

Ya sake cewa in tafi, har ya ce umarni ne ba shawara ba, abin da bai taɓa ce mini ba. Na ce ya yi haƙuri. Ya juya ya koma layinsa. Washegari ya sake yi mini magana, har ya je ya sami Gwaggo, ita kuma ta ce ai wasa take yi, in tafi mana, wa ya riƙe ni. Amma na riga na kafe. Kunya ce da girman kai a cakuɗe, a lokacin ban iya raba su ba. Na yi shuka, na yi noman fari har aka gama gandun. Da yamma nakan je burawun da hannu duk kanta, ina ƙara koya wa kaina abin da ba zai amfane ni ba. Yaya Lawal kuwa bai sake zuwa wurin ba.

Na isa Kudu ana jibi za a fara. Oga Istifanus ya tarye ni a tasha, ya kama hannuna ya juya tafin, ya ga kantar hauya, ya saki hannun. Da safe ya kai ni filin. Ban taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba, kuma ban taɓa jin tsoron ƙasa ba sai ranar. Ciyawar kewayen ramin an aske ta ƙwal, tana sheƙi da raɓa, kuma ba a shimfiɗe take ba, nan tudu nan gangare, ta wani gefen tana jan ƙwallo ta wani gefen tana tare ta. Ba mai share maka hanya. Na ajiye ƙwallo na tura ta yadda na saba, ta wuce ramin kamar an aike ta, ta gangara ta fice daga da'irar gaba ɗaya.

Kwanaki ake yi ana bugawa ana tara bugun mutum, in ya haura adadin da aka yanka ya faɗi. A dogon bugu ba wanda ya kama ƙafata. Har 'yan kallo suka fara bina suna tambayar daga ina wannan ya fito, kuma surutunsu ko gezau bai sa na yi ba, aikin Yaya Lawal ya ci. Amma da na hau ciyawar sai komai ya kwance. In tsaya bayan ƙwallo, in ga hanya, in ja numfashi, in ce wa kaina a hankali, Rabe, a hankali. Da na tsaya a kanta na daina tunani kamar yadda aka koya mini, sai hannu ya yi abin da ya saba, ya tura da ƙarfin yashi. In kuma na ce bari in riƙe shi da tunani, sai ya noƙe, ƙwallon ta tsaya rabin hanya. Abin da na tara a dogon bugu, a bakin rami nake zubar da shi.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ranar ƙarshe. A ranar na fara gane ciyawar. Na fara ganin inda ta kwanta, hannuna ya yi laushi, ƙwallo ta riƙa lanƙwasa tana faɗawa. Ba wanda ya fi ni wasa a wannan rana cikin duk waɗanda suka zo. Da aka tara, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na haura. Da ma faɗuwar nesa na yi, da na ce abin ba nawa ba ne na huta. Oga Istifanus ya zauna kusa da ni a bakin filin, ya ce da wata guda na samu da yanzu wani zancen ake yi. Alhajin kuwa ya cika alkawarinsa na sau ɗaya, shekarar da ta biyo wani aka tura.

Na dawo Tamawa gero ya kai gwiwa. Na sami Yaya Lawal a gona shi kaɗai yana maimai. Ya miƙe ya dube ni, bai jira na faɗa ba.

"Ciyawar ce?"

Na ce ita ce. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da nomansa. Can ya ce in ina so rani mai zuwa ma gonar tana nan, zai sayar da bijimi ɗaya in tafi Kudun da wuri. Na ce a'a. Ba zan iya sake zama ina cin tuwonsa ba, kuma zuciyata ta riga ta mutu da abin. Na bi direban nan na hatsi, daga nan na shiga harkar hatsin da kuka taso kuka same ni a ciki a kasuwar Dutsin-Ma. Alhamdu lillahi ta rufa mana asiri. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yau in aka nuno wasan a talabijin tashi nake in bar ɗakin.

Maganar da kuka ji kuwa, ga inda ta samo asali. Mutane sun ga na yi wata guda ina noma a gandun Lawal alhali ana jirana a Kudu, sun ga kuma na dawo hannu rabbana. Ba su ji abin da ya gaya mini a gefen gona ba. Sai suka haɗa da kansu cewa wa ya riƙe ƙanensa ya yi masa noma har lokaci ya ƙure. Wasu suka ƙara gishiri, wai ba ya so in fi shi. Gwaggo ma da bakinta, Allah Ya jiƙanta, bayan 'yan shekaru haka take ba da labarin, kuma na tabbata ta yarda da shi har zuciyarta.

Ranar sunanka, Aminu, aka faɗi maganar a gabana. Zaure cike ana rabon goro, wani ɗan'uwan mahaifiyarku ya ce cikin raha da yanzu angon ƙarni yana ƙasar Turawa, ba don wasu sun ga hauya ta fi dacewa da shi ba. Ya faɗa yana kallon Yaya Lawal. Na yunƙura zan yi magana, sai na ji hannunsa a gwiwata ya danne. Da aka watse na raka shi tasha ina ta huci, na ce wallahi sai na tara dangi na faɗi yadda aka yi. Ya bari na gama, muna tsaye motar Kurfi na lodi.

"Ka bar shi haka nan," in ji shi. "In sun ce ni na riƙe ka, to ka iya ke nan, hana ka aka yi. In ka gyara masu mi za su ce? Su ce Rabe ya tahi ya kasa. Ni na gani da idona, na san ka iya. Gara su zage ni."

Na ce to 'ya'yana fa, in sun girma suka ji?

"Su ma ka bar su. Yaro shi taso shina ganin ubanshi gwani ne, ai ya hi."

Ya shiga mota. Na yi shiru kamar yadda ya ce. Ina kallo kuka girma kuna gaishe shi a tsaitsaye, kuna ƙin kwana Tamawa in an je yawon salla, shi kuwa duk kaka sai ya aiko muku da gyaɗa da sabon gero, bai taɓa fasawa ba. Umarnin da ya kamata in bi na ƙi bi, wannan da ya kamata in ƙi kuwa na bi shi har aka sa shi a kabari, kuma wannan ya fi faɗuwa jarrabawar yi mini ciwo. Baba Lawal bai hana ni komai ba. Shi ne ya ce in tafi.